Daga cikin rumbu zuwa cikin aji

Ina gaida kowace ƙungiya da shugabarta da masu riƙon makullanta. Allah ya sa wa zubinmu albarka, ya raba mu da bashin da ba ya biyuwa.

Ni ƴar ƙasar Madarunfa ce, sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Shekaruna sun haura 55 in an bi lissafin innata. Na shekara 19 cikin ƙungiyarmu ta asusu, kuma ɗaya daga makullai uku na akwatinmu a haɓar zanena yake kwana. Wannan labari da hannuna na rubuta shi cikin kaye, kaɗan-kaɗan bayan sallar isha'i, jikata tana gyara mini inda na haɗiye baƙi. Shekara uku da suka wuce ko sunana ba na ganewa a takarda. Ina so in ba ku labarin yadda muka tashi nema wa ƴaƴanmu ɗakin karatu, sai ga mu da furfurarmu zaune a kan bencinsu.

Bari in fara daga rumbu. Ina da kamar shekara bakwai, ba a daɗe da hawan Kunce mulki ba, aka ce dogarin sarki zai zo da mushe a rubuta yaran da za a sa lakwal. A wancan zamani duk gidan da aka ɗauki ɗiyarsu sai ka ce mutuwa aka yi musu. Da asuba babanmu ya sa yayana ya ɗaga jinkar rumbu ya zura ni ciki, aka miƙo mini fura a ƴar ƙwarya, aka ce in na yi tari sai na sha kashi. Na wuni cikin zangarniyar hatsi, ƙaiƙayi yana cina, ina jin muryar dogari a ƙofar gida yana tambaya, babanmu yana rantsuwa cewa ɗiyar tana wurin kakarta. Da magariba aka fito da ni ana dariya, ni ma ina dariya, ina ganin na tsira. Na fi shekara 40 ina ba da wannan labari a matsayin abin ban dariya.

Makarantar garinmu ƙarama ce, aji uku, malamai uku. Aji ɗaya ne na siminti, wanda gwamnati ta gina tun da daɗewa. Sauran biyun rumfunan kara da zana ne, irin waɗanda kowaccenku ta sani. Ana buɗe makaranta a watan Oktoba, amma rumfa ba ta tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, don haka yara sukan yi sati da sati suna zaune ƙarƙashin bedi. In iskar hunturu ta taso, ƙura ta cika musu ido da kaye. Ruwan farko kuwa in ya sauka, karatun shekara ya ƙare ke nan, ko an gama littafi ko ba a gama ba. Awaki ma suna da rabonsu a jikin zanar. Mun saba da haka har mun daina ganinsa.

Ranar 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta kama azuzuwan kara a wata makaranta cikin birnin Maraɗi, yara ƙanana sama da 20 suka rasu. A watan Afrilu na shekarar ma an yi irin wannan a Yamai. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Mu da ke kusa da Maraɗi, labarin ya iso mu tun kafin la'asar. Jikata tana CI a lokacin, sati biyu da shigarta rumfa. Da dare uwarta ta zo ɗakina ta tsaya bakin ƙofa.

"Inna, ni dai ɗiyata ta gama lakwal. Gobe ba ta zuwa."

Na buɗe baki in ce ta yi daidai, sai na ji ƙaiƙayin rumbun nan a bayana kamar yau aka zura ni. Na ce mata, "Ki ba ni kwana bakwai. In ba mu yi komi ba, ni da kaina zan je in ɗauko ta."

Washegari mu shida muka je wurin darakta. Mutumin kirki ne, shi ma bai yi barci ba. Nan take ya maida ƙananan yara ajin siminti, ya fitar da manya zuwa rumfa, aka huda wa kowace rumfa ƙofa ta biyu, aka ce masu tuyar ƙosai su ja murhunsu nesa. Wannan ya kwantar da hankalin ɗiyata, amma kowa ya san rumfa tana nan rumfa.

Ranar zubi muka kawo maganar gaban ƙungiya. Mu 30 ne. An yi ta cacar baki. Wasu suka ce a fasa akwati a ba makaranta. Shugabarmu ta ce sam, kuma yau na san ita ke da gaskiya. Tun da aka faro tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe shi shi ne kowace mace ta san kuɗinta na nan, ranar rabo za ta ɗauki abinta. In aka taɓa shi sau ɗaya don abin kirki, gobe za a taɓa shi don abin da bai kai ba. Sai muka yanke a buɗe gwangwani na dabam, kowace ta ƙara dala biyar a kan zubinta duk sati. Magini ya zo ya auna, ya ce ajin tubalin ƙasa mai rufin kwano, da shafen siminti da ƙofar ƙarfe da tagogi, zai ci jikka 650. Sakatariyarmu ta buga lissafi: mu 30, dala biyar-biyar, jikka 39 ke nan a shekara. Ta ɗaga kai ta ce, "To, nan da shekara goma sha bakwai mun gama." Aka kwashe da dariya, wata ta ce jikokin waɗannan yaran ne za su shiga. Duk da haka muka fara, aka damƙa mini gwangwanin, wai ni ce ba a taɓa jin kaina da kowa ba a kan kuɗi.

Da ƙaramar Sallah ta 2022, da mutanen gari suka dawo gida, muka ce a zagaya neman gudummawa. Wani ɗan kwaleji ya riƙe takarda yana rubuta suna da abin da kowa ya bayar, ni ina karɓa ina ƙullewa. Kashegarin Sallah aka taru ƙofar maigari don a karanta. Yaron nan da Faransanci ya koyi lissafi, kuma tsoron taro ya kama shi. Inda ya rubuta 500, sai ya karanta "ɗari biyar". Inda ya rubuta 250, ya ce "ɗari biyu da hamsin". Ku kun san mu da dala muke ƙirga. Abin da takarda ke kira 500, bakinmu dala ɗari yake ce masa. Duk wanda ya ji "ɗari biyar" sai ya ɗauka dala ɗari biyar ce, wato jikka biyu da rabi. Mutane suka ji an ninka musu kyautarsu sau biyar a gaban jama'a, mafi yawa suka yi shiru suna murmushi. Wani ɗan kasuwa yana tarawa a ka, da aka gama ya ce jikka 90 ke nan. Aka ce in kwance ƙulli. Na kwance, aka ƙirga, jikka 18.

Ban taɓa jin shiru irin na ranar ba. Mutum biyu sun ce su fa dala ɗari suka bayar, amma hayaniya ta riga ta tashi, ba wanda ya saurare su. Aka miƙo mini takardar aka ce in duba da kaina. Na riƙe ta, ban ma san ko a kife take ba. Magana zarar bunu ce. Kafin dare ta kai bakin rijiya cewa tsohuwa ta ci kuɗin makaranta. Kwana uku ban fita da man gyaɗa ba, ban iya haɗiye tuwo ba. Na fara tunanin sayar da tunkiyata in cika abin da ban ci ba.

Malamar CI, wadda muke ce wa Madam, ta tafi Sallah gidansu. Da ta dawo ta ji abin da ya faru, ta sa aka sake tara mutane, ta fito da allo waje, ta rubuta 500, ta ɗora takardar dala ɗari a gefensa. Cikin ɗan lokaci kowa ya gane. Aka yi ta ba ni haƙuri, maigari ma ya aiko da goro. Na yafe, amma raina bai kwanta ba. Gaskiyata tana rubuce cikin takardar da ke hannuna, kuma sai da na jira ɗiyar wasu ta dawo daga tafiya kafin ta wanke ni. Da yamma na same ta tana share aji.

"Madam, ki koya mani wannan abin. Ba ni son Faransanci, ba ni son sartifika. In dai ga lamba in san mi ta ce."

"Inna, ai ba lamba kaɗai ba, har wasiƙa sai kin rubuta. Amma da sharaɗi."

"Nawa ne?"

"Ba kuɗɗi ba ne. Ni in koya maku abin da na iya, ku ku koya ma yarana abin da kunka iya."

Ta bayyana mini cewa cikin tsarin karatun firamare akwai lokacin aikin hannu da zane da waƙa, amma babu kayan aiki, ita kuma a birni ta tashi, ko faifai ba ta iya ɗinkawa. In lokacin ya zo sai dai ta sa yara su maimaita waƙar da suka riga suka haddace. Na ce in dai wannan ne, an zo gidan sauƙi.

Mu bakwai muka fara, bayan la'asar, cikin ajin siminti. Damina ta katse mu, muka koma a Oktoba mu 16. Kada wadda ta ce muku abin da daɗi yake farawa. Gwiwa ba ta shiga ƙarƙashin teburin yara. Hannun da ya shekara 40 yana murza tunkuza, aka ba shi alli sai ya kama rawa, allin ya karye. Yara suna leƙe ta taga suna ƙyalƙyala dariya, ciki har da kishiyata, jikar nan tawa, wadda ta je gida ta ba da labari cewa Kaka ta rubuta 3 tana kallon baya. Maza a majalisa suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shugabarmu ta aika musu cewa ai kaba ma sai ta bushe ake jiƙa ta a yi tabarma.

Da Hausa Madam ta koya mana. Ta ce tun 1973 aka fara gwada karantar da yara da Hausa a Damagaram, kuma mutum ya fi saurin gane baƙi in kalmar da ke bakinsa ce. Kalmar farko da na karanta ni kaɗai, ba wanda ya nuna mini, ita ce "mai". Na yi ta kallonta, abin da na sayar duk rayuwata ga shi baƙi uku kacal. Lissafi kuwa mun fi ta sauri a ka, ita da kanta ta faɗa. Wahalar ɗaya ce: ka ga 750 a rubuce, bakinka ya ce dala ɗari da hamsin. Sai ta sa muka zo da kuɗi na gaske, tsaba da takarda, muna duba lambar da ke jikinsu. Ashe duk shekarun nan amsar tana cikin haɓar zanenmu, launi da girma kawai muke dubawa.

Mu kuma muka ɗauki yammacin Alhamis, tunda ranar babu makarantar allo. Mai tabarma ta zo da kaba, mai faifai ta zo da zare da basilla, matar maƙeri da ke ginin tukwane ta zo da yumɓu, wani tsoho mai gyartai ya nuna wa yara maza yadda ake zane a bayan ƙwarya. Yaran da kansu suka kawo nasu: motoci da jirage da tabarau na ɓargon kara. Darakta, wanda ya yi aiki a Damagaram, ya ba su labarin Wasan Kara da ake yi can, inda ake kwaikwayon manyan gari da kayan kara, sai ga su sun ƙera rawani da kyamara. Ni aka ba ni tatsuniya. Abin da ya ba malamai mamaki, akwai wani yaro da ya maimaita aji sau biyu, ba ya buɗe baki, kowa ya sallama shi. Ranar da aka ba shi yumɓu ya gina raƙumi da kayansa har da akala. Madam ta sa ya rubuta "raƙumi" a ƙasansa. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ranar Alhamis ba a neman yaro a gida, duk suna makaranta tun kafin lokaci.

Wata Alhamis tatsuniyoyina suka ƙare, sai na ba su labarin rumbu. Na zaci za su yi dariya kamar yadda aka saba. Sun yi, amma wata yarinya ƴar CM2 ta ce, "To Kaka, da ba a ɓoye ki ba, da yanzu mi kike?" Na rasa amsa. Madam tana tsaye a baya, ta ce wannan labari wasan kwaikwayo ne, kuma da shi za mu nemi kuɗin aji.

Mu da muka yi ƙuruciya zamanin samariya mun san ƙarfin wasa. Mun zauna ƙasa gaban talabijin ɗin gari mun kalli su Yazi Dogo, wanda shi ma malamin makaranta ne, suna faɗa wa manya gaskiya cikin raha, ana dariya ana jin kunya. Amma shirya namu bai zo da sauƙi ba. Liman ya ce ba ya son ganga da cakuɗuwar maza da mata. Muka je muka durƙusa muka ji sharuɗɗansa: a yi da rana tsakanin la'asar da magariba, maza gefe mata gefe, kiɗa kuwa na ƙwarya da shantu, mata ke yi. Muka karɓa, shi kuma ya yi alkawarin buɗe taro da addu'a. Wanda ya fi ba ni wuya yayana ne. Ya zo har gida, ya ƙi zama.

"Ke, ashe tsohonmu za ki kai dandali a yi mashi dariya, shina kabari?"

"Yaya, ba a faɗin sunan kowa. Kuma gidan wa anka bari ba a ɓoye ɗiya ba a lokacin?"

"Ni dai ba da ni ba."

Na kwana ina juyayi, don yana da tasa gaskiyar. Babanmu bai ƙi ni ba. Tsoro ya ji, irin tsoron da ɗiyata ta ji daren gobara. Na koma na ce wa Madam a gyara wasan, kada a maida uban mugu ko wawa, a bar shi ya faɗi abin da yake tsoro da bakinsa. Haka aka yi, kuma wasan ya fi kyau.

Muka sa rana a watan Janairu 2023, lokacin da hatsi ke rumbu kuma ƴan cirani ba su gama watsewa ba. Ba mu sa kuɗin shiga ba, don kada mai ƙaramin ƙarfi ya ji kunya ya zauna gida. Tabarma biyu muka shimfiɗa, ɗaya ta kuɗi, ɗaya ta hatsi da tiya a kanta. A gefe aka jera kayan da yara suka yi, kowane da kuɗinsa a rubuce da hannun wanda ya yi shi. Yara suka gina rumbun kara a tsakiyar fili. Jikata ce ta fito a matsayina. Da aka zura ta ciki tana soshe-soshe, dogari yana zagayawa da gemun auduga, mutane har da faɗuwa don dariya. Sai aka nuna yarinyar ta tsufa, an miƙa mata takarda a gaban taro, ta riƙe ta a kife. Nan dariya ta tsaya. Kowa ya san ranar da ake nufi, kuma da yawa cikin masu kallo suna wurin.

Na hango yayana can bayan maza, tsaye, ya ja rawani ya rufe baki. Bai zo kusa da tabarma ba. Washegari da sassafe na ji jaki a ƙofar gida, ɗansa ne da dami biyu na hatsi. Ya ce Baba ya ce a kai makaranta, daga rumbun gidan tsoho aka ɗebo. Har yau ni da shi ba mu tada maganar ba.

Wani saurayi ya ɗauki wasan da waya ya tura ta WhatsApp wa ƴan garinmu da ke Agadas da Libiya da Aljeriya da Legas. Kafin wata ya cika saƙo ya fara shigowa. Mun roƙi kowa ya turo ta hannun mutum biyu da Kojes, wato kwamitin kula da makaranta, ya zaɓa, kuma duk abin da ya shigo a faɗe shi ranar Juma'a.

Ranar da aka karanta lissafin ƙarshe a ƙofar maigari, wurin da aka taɓa miƙo mini takarda, ni na karanta. Gwangwanin mata na shekara guda, 39.000. Gudummawar Sallah, 18.000. Tabarmar ranar wasa, 74.500. Kayan hannun yara, 31.000. Hatsi tiya 160, an sayar dala 120 kowace, 96.000. Ƴan cirani, 185.000. Jimla 443.500. Kowace lamba na faɗe ta sau biyu, yadda take a takarda da yadda take a dala, don kada a sake. Muryata tana rawa, amma ban yi tuntuɓe ba. Ɗan kasuwar nan ya tara a ka ya ce haka ne.

Kuɗin bai kai abin da magini ya faɗa ba. Sai samari suka ɗauki bugun tubali, mu mata muka ɗauki jan ruwa, unguwa-unguwa, masu amalanke suka kawo yashi. Da haka kuɗin aiki ya sauko zuwa 480.000. Saura 36.500. Ƙungiyarmu ta zauna ta yarda a ranta wa iyaye mata na makaranta wannan kuɗi ba tare da riba ba, a biya daga gwangwanin dala biyar. Mata huɗu ba su yarda ba, an rubuta ƙin yardarsu, kuma an biya bashin cikin shekara guda. Kafin ruwan farko na 2023 an ɗora kwano.

Kada in ba ku labari rabi. Har yanzu aji ɗaya na kara ne, duk kaka sai an sake shi. Cikin mu 16 da ke karatun yamma, biyar sun bari: biyu mazansu sun hana, ɗaya ido, biyu sun ce hidima ta yi yawa. Yarinyar da ta yi mini tambayar da na kasa amsawa, wadda ta fi kowa iya wasa, an yi mata aure kafin ta shiga kwaleji. Mun je mu uku mun yi magana da iyayenta, ba a ji mu ba. Wannan yana cina har yau. Madam ma an ɗauke ta an kai wani gari, mun raka ta tasha muna kuka kamar an ɗauki amarya. Wadda ta maye ta ba ta da lokacin yamma, sai sakatariyarmu da wata da ta yi CM2 suka riƙe ajin, muna ba su ɗan abin sabulu. Kuma ina faɗa da babbar murya: gina aji da biyan malami nauyin hukuma ne. Mun kai takarda ma'aikatar magajin gari a kan ajin da ya rage, za mu sake kaiwa. Abin da muka yi, mun yi ne don ba za mu iya zama muna jira ɗiyanmu na cikin kara ba.

In wata ƙungiya tana son gwada irin wannan, ga abin da na gani da idona. Kada ku taɓa akwatin zubi, ku buɗe na dabam. Ku sa rana bayan girbi. Ku je wurin liman da maigari tun kafin magana ta riga ku. Kowace dala a faɗe ta a bainar jama'a, kuma wadda ke riƙon kuɗi ta iya karanta abin da aka rubuta a kanta, ko da lamba kaɗai ce. Sannan kada ku je makaranta da kuɗi kawai. Mun shekara da shekaru muna ganin lakwal ta mushe ce da gwamnati, iyakarmu bakin ƙofa in an kira mu yaro ya yi laifi. Ranar da aka ce mu shigo mu koyar da faifai da tatsuniya, ranar ta zama tamu. Mutanen da ba su taɓa ba makaranta ko dala ba, sun bayar da suka ga ƴaƴansu suna yin abin da kakanninsu suka iya, ga kuma sunansu a rubuce a jiki.

Ni dai ina nan ina koyo. Yanzu ina rubuta masu bashin mai cikin kaye, na daina jan layi da gawayi a bango. Ina gane sunayen da ke cikin wayata, da can da hoton fure da na mota nake bambanta su. Takardar asibiti ta Faransanci ce, har yanzu ta fi ƙarfina, amma ina gane lambar ƙwaya da ranar komawa. Baƙaƙe masu lanƙwasa suna ba ni wahala, ina rubuta ƙ inda ake son k, kishiyata tana jan kunnena tana cewa bari da barci ba ɗaya ba ne, Kaka ki duba da kyau. An ce gemu ba ya hana ilimi. Mu ba mu da gemu, amma na gwada da furfura, ita ma ba ta hanawa.

Satin da ya wuce wata sabuwa ta shigo ajinmu, ta girme ni, ta zauna can baya ta ɓoye hannunta cikin mayafi. Na matsa kusa da ita, na ciro takardar dala ɗari na shimfiɗa a kan tebur, na ce, "Yaya, duba nan kusurwa. Mi kika gani?"

Allah ya bar mu tare. Sai wani jiƙon.